Zuciyar Aro

A Matanzas, bayan gidan Ildefonso,
gishirin teku ya cinye rabin ƙofar gareji.
Chevrolet 'yar hamsin da uku
tana tsaye babu zuciya.
Zuciyar na baje kan tsohon zanen gado,
noti nan, ƙusa can.

Fistan na huɗu ya tsage.
Waɗanda suka ƙera shi sun daɗe a ƙasa
kafin a haifi Yaimara,
jikar da ke riƙe masa fitila.

Wani ɗan'uwa ya aiko zobba daga ƙetare,
wata uku suna hanya,
suka iso sun ɗara ramin da kaurin gashi ɗaya.
Tsoho bai yi zagi ba.
Ya jawo magagari, ya zauna.

Gaskit daga kwalin takalmi,
fanbel na tarakta 'yar Rasha,
lagireto kuwa, ba a tambayar asalinsa.

Ran Asabar yarinya ta murɗa makulli.
Tari ɗaya. Shiru.
Tari biyu, hayaƙi ya watsa kajin maƙwabta.

"Ba muryar da na sani ba ce,"
in ji shi, kunne manne da ƙarfe,
baƙin mai har gira.
"Kar ki kashe. Bar ta ta gama magana."