Lalon Bana

Shekara arba'in da ɗaya ina shuka lalo
a bakin magudanar da ta ratsa ƙauyenmu a Fayyum,
ban taɓa ganin shigarsa tukunya ba.
Nawa aikin a bakin ƙofa yake ƙarewa:
in sauke dami, in karkaɗe riga,
Tahiyya ta karɓa, ta ce, "Ka yi latti."

Iri kam na san shi. Ƙanana, sai ka ce kwarkwata.
Cuɗa su ake da yashi kafin a watsa,
in ba haka ba su cunkushe wuri guda
kamar 'yan biki a gindin tire.
Watan Baramuda, da ƙasa ta ɗau ɗumi,
in buɗe wa ruwa hanya da bakin fartanya.
Kwana huɗu, fage ya yi gashin jariri.
Kwana hamsin, lauje.
Bar masa taƙi guda, zai sake tohowa,
lalo ba ya riƙe mutum a zuci.

Bana ma ya fito. Ba wanda ya gaya masa.

Na yanko, na kawo, na tsaya a ƙofa
har kafaɗa ta yi tsami.
Sannan na shiga da shi da kaina.

Wuƙarta na nan a ƙusa, lanƙwashe kamar jinjirin wata,
ƙota biyu, ta dama ta fi sulɓi
inda babban yatsanta ya cinye itacen.
Na tsinke ganye, na wanke, na sha masa iska,
na yi ta jijjiga wuƙar, hagu, dama,
har katako ya koma kore.
Na yanka zomo, ba wanda ta raɗa wa suna ba.
Na zuba ganye a romo, na rufe, na ƙara wuta.

Da na buɗe, ruwa a sama, ganye a ƙasa,
kowa ya kama gabansa.

Damyana ta leƙo ta kan katanga,
gari har gwiwar hannu.
"Wagdi, rufewa ka yi ko? Ba a rufe ta.
Ba a barinta ta tafasa kamar wankin mahauci.
To, ka ma ja numfashin?"
Na ce wane numfashi.
Ta dube ni kamar na tambayi ina Nilu yake.
"In tafarnuwa da kuzbara sun yi ja a man shanu,
kana juye su a tukunya, sai ka zabura,
ka ja iska kamar wanda ya taka maciji.
Haka uwata ta yi, haka tata uwar."

Na san wannan sautin.
Daga tsakar gida nake jinsa, ina wanke ƙafa.
Shekarar farko na ruga a guje, na ce ta ƙone,
ta yi dariya har ta dafa bango.
Daga nan ban sake rugawa ba,
ban kuma tambaya ba.
Cewa nake mace ce mai yawan ƙonewa.

Washegari na sake yankowa.
Wuta ƙasa-ƙasa, murfi can gefe.
Tafarnuwa ta yi ja, ƙamshinta ya cika ɗaki.
Na ɗaga kasko, na juye,
tukunya ta ce caaa,
na ja numfashin.

Ya shiga, ya ƙi fita.
Abin da ban yi a maƙabarta ba,
da maza suka kewaye ni suna ba ni hannu,
shi na yi a gaban murhu, da ludayi a hannu.

Miyar ta tsaya. Kore shar, yauƙi har gemu.
Na ankara kwano biyu na zuba.
Na miƙa ɗaya ta kan katanga, da gurasa.
Shiru. Can na ji Damyana:
"Gishiri bai ji ba."

Jibi ne layina na ruwa.
Kututturen sun riga sun fara toho.