Rabin Huɗu

Shekara biyu ke nan ina tauna harshen Holan,
bai narke ba, ban kuma tofar ba.
Na wuce "ina kwana", na wuce "nawa ne",
ban kai ga gardama ba, balle ba'a.
Ina nan kamar mai tsallake kwata a Kabuga,
ƙafa ɗaya ta sauka, ɗaya tana iska.

Harafin g ne ya fara yi mini maraba.
Malama Annelies ta ce daga maƙogwaro yake fita.
Na ce ai na san shi,
kha ce ta allona, mai ɗigo a ka,
ta je Turai ta sake tufa.
A adaidaita sahu, daga Rijiyar Zaki zuwa sabuwar jami'a,
ina ta goedemorgen, goedemorgen a ƙasan mayafi,
har wata dattijuwa ta miƙo mini citta:
"Tauna, 'yar nan, kafin murar ta kwantar da ke."

De da het kuwa, Allah ya isa.
Mu da muka ce rana mace, wata namiji,
mun san inda muka dosa.
Su yarinya ma het suke ce mata,
kamar littafi, kamar gida.
Aikatau kuma, in jimla ta yi tsawo,
sai ya sulale can ƙurya,
kamar Baffa Tasi'u a wurin ɗaurin aure:
sai an shafa fatiha ake ganin hularsa.

Ranar Laraba jarrabawar baka, ta waya.
Ta rubuto mini: half vier.
Rabi, huɗu. Na ce huɗu da rabi ke nan.
Na yi la'asar a natse,
na ci ɗanwake a bayan ɗakin karatu,
na nemi gindin darbejiyar da sabis ke kamawa.
Ashe uku da rabi take nufi.
Mu sa'ar da ta wuce muke ƙara wa rabi,
su wadda ke tafe suke gutsura.
Sa'a guda baiwar Allah tana jira.
Na buɗe baki in ba da haƙuri,
het spijt me ya fito lafiya,
sauran ya tsaya cak kamar mota a Ƙofar Famfo,
sai wallahi ce ta ratso ta gefe.

Suwaiba ta yi dariya har da riƙe ciki.
"Ga Sinanci ana rububi,
ke kin liƙe wa ƙasar da mutanenta
ba su kai Kano da Jigawa yawa ba."
Ban tanka mata ba.
Amsar tana Kwari, a shagon mahaifina,
daminar da ruwa ya kwana a ciki har gwiwa.
Turmi saba'in na atamfar Holan
muka shanya a kan kwano, ni da ƙannena,
shi yana tsaye, hannu a baya, bai ce uffan ba.
Ina matse wani mai zanen tsuntsaye
na ga sunan ƙasar a bakin zanen,
ƙasar da aka ce teku ya fi ta tudu
amma har yau tana kwana a bushe.
Ni ruwa nake karanta, magudana da madatsa.
So nake in tambaye su da nasu bakin,
ba ta hannun tafinta ba:
yaya kuka yi da shi?

Na iya tambayar.
Amsar ce nake tsoron ta zo da gudu,
in kama kai, wutsiya ta kufce.

An ɗage jarrabawar zuwa Litinin, half drie.
Na rubuta da biro a tafin hannu: biyu da rabi.
Alwala ta goge, na sake rubutawa.
Tun ƙarfe ɗaya ina gindin darbejiya,
waya a cike, citta a baki.