Igiyar Cikin Fata

Lantana ta dawo daga lise da guntun alli,
ta same ni a majema, hannu cikin ruwan bagaruwa.
Ta ce, Baba, fatar akuyar nan igiya ce.
Na ce, shekara talatin ina jima, ban ga tufka ba.

Ta tsuguna, ta zana a kan dutsen Birni:
ɗigon gawayi a tsakiya, hannunsa huɗu.
Ɗaya amino, ɗaya mai tsami,
na uku ɗan mitsitsi,
na huɗu shi ne suna,
shi ya raba su gida ashirin.

Wasu na son ruwa kamar agwagwa,
wasu na gudunsa kamar akuya ta ga hadari,
su cusa kai ciki, sarƙar ta naɗe.
In tsami ya kama hannun amino,
ɗigon ruwa ke faɗuwa tsakaninsu.
Na ce, haka zumunci yake, sai da gumi.

Autansu gilisin.
A fata, shi ne na uku a kowane taku,
don shi kaɗai ke shiga matsatsin
da zare uku ke murɗe juna.
Tara kuwa jiki ba ya ƙera su, sai an ci,
shi ya sa gero ke neman wake.

La'asar ta yi. Na matse fatar.
Ban ga igiya ba har yanzu,
amma na ja da hannu biyu, ta ƙi yagewa.
Zanen yana nan a kan dutse.
Na hana yara takawa.