Allon Ɗakin Hutu

Biyar saura kwata na asuba, Duluth na barci,
tafki ya daskare har gindin gada.
Ni kuwa ina tsaye a ɗakin hutun masu wankin asibiti,
takarda a hannu, ƙusa huɗu a baki.

Shekara sha tara ina kafa wa ƙungiya sanarwa
a allon nan da ya sha huda kamar rariya.
Ga tallan tsohuwar motar Gunnar,
ga hoton kyanwar da ta ɓace tun bazara.
Na matsar da kyanwa gefe. Ta yi haƙuri.

Wanda ya manta tabarau a gida, ya saurara:
rumfar zaɓen unguwar tudu ta bar cocin jan bulo,
ta koma zauren wasanni na firamare.
Wanda ya sauya gida ya duba sunansa yau,
ba a fafe gora ranar tafiya.
Mai aikin dare, ƙuri'arka na iya bin gidan waya,
amma ka sa hannu a bayan ambulan,
kada ka yi irin ta Odell,
da ya cike komai tsaf, ya liƙe da yawu,
ya aika musu takarda marar uba.

Sai labarin majalisar jiha.
Ku ajiye kofi, wannan ba ya shiga da kofi.

Ƙudirinmu na hutun shan ruwa,
minti goma in zafin injin guga ya kai intaha,
ya shiga kwamiti da ƙafafunsa biyu,
ya fito yana ɗingishi.
Ba su yaga shi ba, ai sun fi haka wayo.
Kalma ɗaya suka zare, kamar mai zare ƙaya daga kifi:
inda muka rubuta "dole",
suka sa "in an ga dama".

Bao Vang ta je. Ta bi motar ƙungiya tun duhu,
ta zauna awa biyar a benci mai sanyi,
aka ba ta minti biyu.
Ba ta karanta abin da muka rubuta mata ba.
Hannun riga ta naɗe,
ta nuna musu tabon da ƙarfe ya yi mata
ranar da jiri ya ɗebe ta a bakin inji.
Ta ce wani yana latsa waya,
wata kuwa ta cire tabarau ta daɗe tana kallo.

Bakwai da shida aka tashi.
Hannu ɗaya, jama'a. Ɗaya tak,
kamar safar da ke maƙalewa a injin busarwa.

Ban ce ku zaɓi wane ba, ba aikina ba ne.
Na dai jera sunaye goma sha uku a ƙasan takarda,
da inda kowa ya ɗaga hannunsa.
Biyu daga ciki za su ƙwanƙwasa muku ƙofa a watan nan
da murmushi da ƙasida mai sheƙi.
Ku ba su kujera. Ku tambaye su ina "dole" ta tafi.

Teodoro ya ce, Rosalind, ni fa takarduna ba su fito ba,
ba ni da ƙuri'a.
Ya yi shiru, yana juya makulli a yatsa.
Amma ina da mota mai cin mutum bakwai,
kuma Talata ba ni da aiki.
Na miƙa masa biro. Ya rubuta lambarsa
a ƙarƙashin kyanwa.

Ƙararrawa ta kaɗa.
Zannuwan daren jiya na jiranmu cikin kekuna,
da gumin marasa lafiya, da jinin haihuwa.
Na danna ƙusa ta huɗu da babban yatsa,
ta lanƙwashe.
Na bar kusurwar tana lilo,
duk wanda ya buɗe ƙofa, takardar sai ta ɗaga masa hannu.