Mai Riƙon Makulli

Shekara bakwai ni ke buɗe ƙofar nan,
ɗaki uku na ma'aikatar magajin gari
a Bilbis, bayan famfon unguwa.
Arzika ne sunana, gadi ne aikina.

Da safe ƙanana, takalmi wari da wari,
suna rububin baƙaƙe kamar ƴan tsaki a kan tsaba.
Bayan azahar keken ɗinki ya kama sukuwa,
samari sun duƙufa kan cikin salula, dalma na hayaƙi.
Sai an sallame isha'i manya ke shigowa:
Hajo mai ƙosai, da ƙanshin mai a zanenta,
Bizo da ya dawo daga Abijan da tari da akwati guda,
Agali, wanda alli ya mayar wa bakin rawani fari.

Ni rabona benci a bakin ƙofa,
sanda, da butar shayi.
Ƙarshen wata in dangwala babban yatsa a tawada,
in goge shunin a gefen wando.

Wata Talata wuta ta ɗauke.
Madam Sahiya ta leƙo:
"Baba Arzika, ara mana tocilarka."
Na ce wannan tocila ba ta zuwa ko'ina sai da mai ita.
Aka yi dariya, na shiga.
Duk inda allinta ya taka, nan nake haskawa.
Ta ja sanda biyu, ta haɗa kawunansu,
ta ɗaure musu ƙugu kamar mai kafa bukka.
"Wannan A ne," in ji ta,
"da shi sunan mai tocila ya soma."
Hannuna ya yi rawa,
hasken ya zube kan takalman Bizo.

Daga ranar na shiga roƙon Allah a asirce
wuta ta riƙa ɗaukewa.
Tawa ce, addu'ar ba ta sha wuya ba.

Tsakar dare, gari ya yi tsit,
ina zana su a rairayi da gindin sanda,
kafin asuba in share da tafin ƙafa.
Ran da na makara, Tsayabu ta riske ni,
ƴar shekara shida, haƙoran gaba babu.
Ta tsuguna, ta ce, "Baba, Z ɗinka fushi yake?
Ya ba kowa baya."
Ta kama yatsana ta juyo da shi.

Ana gab da damina masinja ya zo a kan babur
da takarda mai hatimi: a liƙa a ƙofa.
Da can na taɓa liƙa wata kai a ƙasa,
ta kwana bakwai a haka.
Wannan kuwa na zauna da ita.
Sama Faransanci, na tsallake,
ƙasa Hausa.
Shayina ya huce ina tauna ta gaɓa-gaɓa:
an da-ka-tar da a-jin da-re
sai ku-ɗi sun sa-mu.

Takardar farko da idona ya karanta da kansa,
abin da ta ga damar faɗa mini ke nan.

Na liƙa ta daidai, kai a sama.
Na sake binta sau uku, layi-layi.
Na san ƙ mai lanƙwasa, da na gan ta da na gane:
babu inda aka ce ƙofa,
babu inda aka ce makulli.

Bayan isha'i na buɗe.
Hajo ta zo da kwalin alli, ribar ƙosan yini.
Madam Sahiya ta ce ita hira ta zo,
ta zauna a bencin baya, ta cire takalmi.
Agali ya dube ni. Bizo ya yi tari,
ya miƙo hannu:
"Kawo tocilar, ni zan haska.
Kai je ka allo."