Wadda Kunnena Ya Zaɓa

Ranar Asabar Wytske ta zo da mota,
ta ce, "Baba, gidan nan ya yi maka yawa.
Ko kyanwa, ko kare, zaɓi ɗaya."
Na ce kyanwa raini gare ta,
kare kuma sai an bi shi yawo,
gwiwata kuwa ta gama nata yawon.
Shekara talatin da ɗaya ina buɗe wa jirage gada,
ina zura musu takalmin katako a igiya
su jefa kuɗin wucewa,
kuma kullum agwagwi ke riga kowa gaishe ni.
In dai kiwo ne, to agwagwa.

Gonar Hiltje na bayan garin Sneek,
inda ruwa ya fi hanya yawa.
Ta fito da takalmin roba da bokiti,
ba ta tambayi kuɗina ba, faɗin lambuna ta tambaya.

Ga 'yar Pekin, fara sol, ƙirji kamar matashin kai.
"Haƙuri gare ta," in ji Hiltje, "amma akwai ci,
inda duk ta taka sai ya koma taɓo."
Ga masu gudu na Indiya, a tsaye kamar kwalabe,
kowacce na sauri kamar ta bar madara a wuta.
Za su tsince min dodon koɗi daga kabeji,
amma ba sa yarda hannu ya taɓa su.
Ga wata mai baki a lanƙwashe kamar lauje,
irinta saura kaɗan a ƙasar nan.
Muka dubi juna, tsoho da tsohuwa,
ba wanda ya ce wa wani komai.

Wytske ta tsaya gun Maskobi mai jar fuska.
"Wannan, Baba. Ba ta kuka, huci kawai take,
maƙwabta ba za su kai ƙara ba."
Na ga bakin ya buɗe, ya rufe.
Irin wannan shirun ina da shi a gida,
tun da Aukje ta tafi, buhu-buhu,
har a ƙarƙashin matakala.

Sai wani abu ya huda min kunne.

Ni da ƙararrawar coci ke zuwa min
kamar daga ƙasan kogi,
ni da butar shayi ke ƙonewa ban ji kukanta ba.
Na waiga. Ga ta can bakin kwatami,
ba ta fi curin burodi ba,
baki guntu, kai kamar ƙwallo,
tana zazzaga wa duniya faɗa.
Ɗan hakin da ka raina, ido aka ce yake tsonewa,
wannan kunne ta tsone.

"'Yar kira ce," in ji Hiltje.
"Kakanninta ke kirawo agwagwin daji su faɗa raga.
Macen ce mai baki, toron muryarsa a dushe take.
Kuma ba na sayar da ɗaya.
Agwagwa in ta zauna ita kaɗai, ramewa take."
Wytske ta shiga neman wani abu a jakarta.
Ni na duba igiyar takalmina.

Biyu muka ɗauko a kwali mai huji,
ta yi ta mita har muka tsallake gadata.

Kwana uku Douwe na gidan kusa ya zo ƙorafi.
Ya ƙwanƙwasa, ya ƙwanƙwasa, ban ji ba,
ita ce ta sanar da ni akwai mutum a ƙofa.
Shekara tara muna katanga ɗaya
bai taɓa ganin cikin kicin ɗina ba.

Yanzu kullum da hantsi sai ya zo ƙorafi,
da ganyen latas a aljihun kwat.
Nakan ɗora kofi biyu.