Saura Shafi Huɗu

An ɗauke wuta a Wad Madani tun la'asar.
Ustaza Ikhlas ta ce ba komai,
fiyano ba ya cin lantarki.
Ni kuwa ina durƙushe da mabuɗin gyara a hannu,
na gama ɗaure wayoyin da zafin bazara ya sassauta.

"Zauna, Jatau, ka ji aikinka."

Takardun sun yi ja kamar an jiƙa su a shayi.
Ta ce mai kiɗan ya rubuta shi ciwo na cin sa,
a wata ƙasa mai sanyi,
kuma bai daɗe ba bayan nan.

Na zaci zan ji kuka.
Sai na ji tafiya.

Hannun dama na takawa a hankali
kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono.
Can ƙasa hannun hagu ya yi gurnani sau ɗaya,
irin na hadari mai nisa, bayan gonakin auduga,
sannan shiru.
Shirun ma a rubuce yake, in ji ta,
ta nuna min da farce.

Kakana Barmo ya taso daga Haɗeja da ƙafa
ya nufi Makka.
Shekara bakwai yana hanya,
ya tsinci auduga, ya haƙa rijiyoyin mutane, ya yi aure,
ya tsaya bakin kogin nan don ya huta kwana biyu.
Ga mu nan har yau.
Bai taɓa cewa ya fasa ba.
"In Allah ya kai mu kaka," yake cewa,
sandarsa jingine a bayan ƙofa.

Haka kiɗan nan yake.
Ya kama hanyar gida, ya hango zaure,
sai ya ratse,
ya koma ya sake ɗauko zancen daga tushe,
kamar baƙon da ya san in ya kai aya
za a naɗe tabarma.

Maɓalli ɗaya ya nutse ya ƙi tasowa.
Laifina ne.
Ta tsallake shi ba ta ko dube ni ba,
giɓin ya zauna cikin kiɗan
kamar da shi aka haife shi.

Aka kira magariba daga masallacin kasuwa.
Ta ɗaga hannuwanta. Saura shafi huɗu.
"Gobe," ta ce.

Na tattara kayan aikina a buhu.
Ban tari mota ba.
Na bi bakin kogi da ƙafa,
ta doguwar hanya.